Daidaita Giya da Boris a Aksul ɗin Bayan Mota: Bayanin Aikin da Kalmominsa don Littattafan Yaƙi da Jahilci a Jihar Diffa

1.0 Gabatarwa

Garin Diffa yana bakin kogin Komadugu Yobe, fiye da kilomita 1300 gabas da Yamai, a kan babbar hanya mai lamba 1 wadda ta ratsa Dosso da Maraɗi da Damagaram ta ƙare a Ngigmi. Da zarar mota ta sauka daga wannan kwalta, ko ta nufi garaken tattasai na bakin kogi, ko ta yi wajen Bosso, ko ta miƙa arewa zuwa Ngurti da rijiyoyin man fetur na Agadem, to rairayi ne da laka ke gabanta. Motocin da ke wannan zirga-zirga, galibinsu akori-kura ne irin Toyota Hilux da Land Cruiser, kuma su ke ɗaukar buhunan busasshen tattasai da bandar kifi da dabbobi da mutane. Dokar ta-ɓaci da aka kafa a jihar cikin watan Fabrairu na shekarar 2015, bayan hare-haren da aka kai Bosso da Diffa, ta hana hawan babura, abin da ya ƙara wa mota nauyin da take ɗauke da shi.

A irin wannan ƙasa, aksul ɗin baya yana cikin sassan mota da suka fi shan wuya, kuma gyaransa yana cikin ayyukan kanikanci da suka fi bukatar awo da karatu. Littattafan da kamfanoni ke bugawa a kan aikin da Faransanci suke ko da Turanci, alhali yaran gareji da Kanuri da Hausa suke koyon sana'a. Manufar wannan maƙala iri biyu ce. Ta farko, a bayyana aikin kansa da Hausa, daki-daki, yadda mai tsara littafi zai fahimci abin da zai rubuta. Ta biyu, a nuna wuraren da harshe kan iya ɓad da mai koyo idan ba a zaɓi kalmomi da lura ba.

2.0 Aikin aksul ɗin baya

Ƙarfin inji yakan fito daga akwatin giya ya bi farfela, wato doguwar sandar da ke juyawa a ƙarƙashin mota, har ya isa tsakiyar aksul. A nan ake bukatar abubuwa uku.

Na farko, a karya juyin. Farfela tana kwance ne bisa tsawon mota, ƙafafu kuwa suna juyawa a kan sanda mai gilmawa. Giya biyu ke wannan aiki: ƙaramar giya, wadda ke kan bakin farfela, da babbar giya mai siffar zobe wadda ƙaramar ke turawa.

Na biyu, a rage gudu don a ƙara ƙarfi. Idan babbar giya tana da haƙora 37, ƙaramar tana da 9, kamar yadda ake samu a Land Cruiser da yawa, sai farfela ta juya sau 4,11 kafin ƙafa ta juya sau ɗaya.

Na uku, a bar ƙafafun biyu su yi gudu daban-daban a kwana. Idan tsakanin ƙafar dama da ta hagu mita ɗaya da rabi ne, to duk sa'ad da mota ta sha cikakkiyar kwana daga gabas ta fuskanci arewa, ƙafar waje takan yi tafiyar da ta fi ta ciki da wajen mita 2,4. Wasu ƙananan giyoyi da ke cikin wani kwando na ƙarfe, wanda babbar giya ke ɗaure a jikinsa, su ke raba gudun. A wannan maƙala za a kira wannan na'ura marabar gudu. Wani Bafaranshe mai suna Onésiphore Pecqueur ne ya yi rajistar ƙirƙirarta don keken tururi a ƙarshen shekarun 1820.

A motocin zamani ƙaramar giya ba ta saitin tsakiyar babbar, tana ɗan ƙasa da shi. Kamfanin Gleason na Amurka ne ya ƙera wannan tsari, kamfanin Packard kuma ya fara sa shi a motocinsa a 1926. Amfaninsa shi ne ƙarfi da rashin ƙara. Sai dai haƙoran suna gogar juna suna zamewa a lokacin da suke turawa, don haka ba su jure kuskuren zama, ba su kuma jure man da bai dace ba. Ana wasa giyoyin biyu tare tun daga masana'anta har su saba da juna, shi ya sa ake sayar da su tare, kuma ba a haɗa ƙaramar wannan da babbar waccan.

Duka giyoyin suna zaune a kan boris mai ƴan sanduna masu tsukakken kai ɗaya, irin wanda Henry Timken ya yi wa rajista a Amurka a 1898. Biyu na riƙe da ƙaramar giya, biyu na riƙe da kwandon marabar gudu.

3.0 Matakan daidaitawa

Daidaitawa huɗu ce, ta biyar kuma ita ce shaida. Jerinsu ba ya canzawa, domin taɓa na farko yana rushe na bayansa.

3.1 Zurfin ƙaramar giya

Ana nufin iyakar shigar ƙaramar giya zuwa wajen tsakiyar babbar. Ana ƙayyade shi da wata siririyar washa da ake sakawa a bayan kan giyar ko a bayan mazaunin boris ɗinta. Washa mai kauri tana tura giyar ciki, siririya tana janye ta. Bambancin kaurin washa ɗaya da mai bi mata kashi kaɗan ne cikin ɗari na milimita, abin da ido ba ya rarrabewa sai da ma'auni. Makanike yakan fara da washar da ya tarar, sa'an nan ya gyara bisa abin da sawun haƙora ya nuna (duba 3.5).

3.2 Matsin boris na ƙaramar giya

Boris irin wannan ba a barinsa sako-sako. Ana matse biyun su fuskanci juna kaɗan, don kada giyar ta yi gaba da baya idan nauyi ya hau ta. Tsakaninsu akwai wani bututu, a motoci da yawa mai lanƙwasuwa ne, wanda ke ƙanƙancewa a hankali yayin da ake ɗaure babban noti. Ƙarfin ɗaure notin yakan wuce newton-mita 100, amma ba shi ake nema ba. Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin da ake bukata a juya giyar ita kaɗai, kafin a saka kwando, kuma wannan ƴan newton-mita kaɗan ne. Saboda haka ana ɗaurewa kaɗan, a auna, a ƙara, a auna. In an zarce, sassauta noti ba ya gyara ɓarnar, domin bututun ya riga ya lanƙwashe. Sai an sa sabo. Matsi in ya yi yawa boris ya yi zafi ya ƙone. In ya yi kaɗan giyar ta riƙa rawa, ta cinye haƙoranta, mai kuma ya riƙa yoyo ta baki.

3.3 Rata tsakanin haƙora

Dole a bar ɗan sarari tsakanin haƙorin ƙaramar giya da na babbar, inda mai zai shiga, inda kuma ƙarfe zai buɗa idan ya ɗau zafi. Ana riƙe ƙaramar giya kada ta motsa, a ɗora bakin agogon awo a kan haƙorin babbar, a girgiza ta gaba da baya, a karanta. A ƙananan motocin ɗaukar kaya na Toyota ratar takan faɗa tsakanin milimita 0,13 da 0,20, gwargwadon irin aksul ɗin. Kaurin takardar rubutu ɗaya wajen milimita 0,1 ne, wato dukan ratar ba ta wuce kaurin takarda biyu ba. Ana auna ta a wurare uku ko huɗu a kewayen giyar. Idan awon ya bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri, to giyar ba ta zauna daidai a kan kwando ba, kuma ƙwayar rairayi ɗaya a ƙarƙashinta ta isa ta jawo haka. Ana gyara rata ta hanyar gusar da kwandon dama ko hagu, ko da manyan notoci biyu masu zare da ke gefensa, ko da washa.

3.4 Matsin boris na kwando

Bayan rata ta yi daidai, sai a matse boris biyu na kwando kamar yadda aka yi wa na ƙaramar giya, sa'an nan a sāke auna ratar, domin matsin yakan ɗan gusar da ita.

3.5 Sawun haƙora

A ƙarshe ana shafa wa haƙora kaɗan na babbar giya wani shuɗi ko rawayan fenti marar bushewa, a ɗan riƙe ta da hannu don ta ji nauyi, a juya ƙaramar gaba da baya. Inda haƙora suka taka juna fentin yakan goge, ya bar alama kamar sawun ƙafa a rairayi. Sawu mai kyau yana tsakiyar fuskar haƙori, bai taɓa baki ba ta kowane gefe. In ya hau wajen tsinin haƙori, ƙaramar giya ba ta shiga sosai ba, ana bukatar washa mai kauri. In ya gangara gindin haƙori, ta shige da yawa, ana bukatar siririya. In ya taru a ƙarshen haƙori na ciki, inda yake siriri, sai a ƙara rata. In ya taru a ƙarshen waje, inda yake da faɗi, sai a rage ta. Ana duba fuskoki biyu na haƙori, wadda ke aiki idan an taka mai da wadda ke aiki idan an saki. Duk lokacin da aka canza washar zurfi, sai a koma 3.2 a bi matakan daga nan.

4.0 Yanayin kwarin Komadugu

Abubuwa huɗu na wannan yanki sun kamata su shiga duk littafin da za a rubuta wa kanikawansa.

Rairayi. Ana yawan gyara a fili, kuma a lokacin hunturu iska ba ta rabuwa da ƙura. An riga an nuna abin da ƙwaya ɗaya kan yi a ƙarƙashin babbar giya. Wankewa da rufewa wani mataki ne na aikin, ya kamata a rubuta shi da lambarsa.

Ruwa. Komadugu, wanda kogunan Haɗeja da Jama'are ke ciyarwa daga Nijeriya, yakan cika ne bayan damina, kuma ya yi ambaliya mai tsanani a 2019 da 2022. A saman aksul akwai wata ƴar kafar shan iska. Idan aksul mai zafi ya nutse a ruwa, iskar cikinsa takan tsuke ya zuƙo ruwa ta wannan kafa ko ta bakin robar tare mai. Man da ruwa ya shiga yakan yi fari kamar madara, kuma tsatsa takan kama boris cikin ɗan lokaci.

Mai. Saboda gogayyar da aka ambata, sai man giya mai alamar GL-5, wanda aka zuba wa sinadaran jure matsi. Baƙin man inji ba ya maye gurbinsa.

Kayan gwanjo. Idan aka sayo giya ta hannu, sai an ƙirga haƙoranta. Mota mai ja da ƙafa huɗu dole giyar gabanta da ta bayanta su yi lissafi ɗaya. In gaba tana da 37 da 9, aka sa wa baya 43 da 10, to a kowace mita 100 ƙafafun gaba da na baya za su saɓa da fiye da mita 4. A rairayi taya za ta zame ta ɓoye laifin, a ƙasa mai tauri kuwa wani ƙarfe ne zai biya.

5.0 Matsalolin harshe

5.1 Tushen aro biyu

Diffa tana kan iyaka. Makaranta da takardun hukuma sun kawo Faransanci, kayan gyara da kanikawa da yawa kuwa ta Nijeriya suka biyo da Turancinsu. Shi ya sa Hausar Nijar ke da isansi da gazuwal da lakile, ta Nijeriya ke da fetur da gas da makulli. A wannan fanni ma haka abin yake. Giya da boris da washa da noti da farfela daga Turanci suka shigo, sun kuma zauna. Littafin Faransanci kuwa yana kiran aksul pont, wato gada, babbar giya couronne, wato kambi, rata jeu, wato wasa, boris kuma roulement. Fassara irin waɗannan kalma da kalma ba ta haifar da komai sai ruɗu, domin ba makaniken da zai gane “wasan kambin gada”. Abin da ya fi dacewa shi ne a riƙe kalmar aro inda ta riga ta zauna, a ƙirƙiro ta Hausa inda ake bayyana wani hali ko awo, irin su rata da matsi da zurfi da sawu, sa'an nan a jera takwarorinsu na Faransanci da Turanci a ƙarshen littafi don mai sayen kaya.

5.2 Aikatau “matsa”

Wannan ita ce matsala mafi hatsari. Tushen mats- yana ɗauke da ma'ana biyu, ta dannewa da ta gusawa, kuma dukansu ana bukatarsu a shafi ɗaya. Bisa tsarin ajujuwan aikatau da F. W. Parsons ya gabatar a 1960, ana samun matsa a aji na 1, matse a na 4, matsar a na 5, matso a na 6. A baki, makanike yana nuni da hannu, yaronsa ya gane. A takarda ba hannu, ba kuma alamar karin sauti ko tsawon wasali a rubutun yau da kullum. Jumlar “a matsa babbar giya kaɗan” tana iya sa wani ya ƙara ɗaure noti, wani ya gusar da kwando.

Har ila yau, aji na 6 yana nuna motsi ne zuwa wajen mai magana. “Matso da ita” yana da ma'ana idan maigida na tsaye a gefe ɗaya na aksul. A littafi ba a san inda mai magana yake ba. Saboda haka ana ba da shawarar a keɓe kalmomi kamar haka: ɗaure da sassauta don noti, matsi don boris kaɗai, gusar da don motsa giya. Kuma kowace jumla ta ambaci inda aka nufa, alal misali “a gusar da babbar giya zuwa wajen ƙaramar”.

5.3 Lambobi

Littafin Faransanci yana rubuta 0,15 da waƙafi, na Turanci yana rubuta 0.15 da ɗigo. Wanda ya koyi karatu yana babba yana iya karanta ko wanne “sha biyar”. Karanta shi “sifili waƙafi sha biyar” ma ba ya nuna girman abin. Ya fi kyau a ce “kashi 15 cikin 100 na milimita”, a kuma haɗa shi da abin da ido ke gani: a agogon awo na milimita kowane layi kashi ɗaya ne cikin ɗari, don haka layi 15 ake nema.

Akwai kuma littattafan da ke awo da inci. Inci ɗaya milimita 25,4 ne, don haka kashi 6 cikin 1000 na inci shi ne wajen milimita 0,15. Wanda ya ji “shida” ya ƙirga layi shida a agogon milimita ya bar ratar da ba ta kai rabin abin da ake bukata ba, giyar kuma za ta yi zafi ta ci kanta. Malamin yaƙi da jahilci yana da misali a hannu: kowa a kasuwar Diffa ya san dala ashirin ba ita ce faran ashirin ba, faran 100 ce. Lamba ba ta da amfani sai an faɗi abin da ake ƙirgawa.

5.4 Sunayen ƙara

Makanike yakan gane ciwon aksul da kunne kafin ya kwance shi, kuma a nan Hausa tana da wadata. Kuka mai tsawo da ke tashi idan an taka mai, ko idan an saki, yana nuna zurfi ko rata ba daidai ba, ko matsin ƙaramar giya ya saki. Gurnani da ke ƙaruwa da gudu yana nuna boris ya ci. Bugu ɗaya, ƙwas, a lokacin tashi ko canza giya, yana nuna rata ta yi yawa a wani wuri tsakanin farfela da ƙafa. Ƙarar da ba a ji sai a kwana tana nuni ga ƙananan giyoyin marabar gudu ko boris ɗin ƙafa. Kuka da gurnani da bugu kalmomi ne da kowa ya sani, abin da ya rage shi ne a tsayar wa kowace ma'ana ɗaya a cikin littafi, kada a riƙa musanya su don ƙawata zance.

6.0 Kammalawa

Ƙa'idojin rubutun da ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar a 1999 sun shafi Hausa da Kanuri duka, kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Hanyar rubutawa tana nan, sai abin rubutawa. Daga bayanin da ya gabata, ana iya tsamo wa masu tsara littattafai shawarwari huɗu.

(a) A tattara kalmomin gareji daga bakin kanikawan Diffa da Maine-Sorowa da Ngigmi kafin a ƙirƙiro sababbi, a rubuta kowace da tushenta.

(b) A buga jerin kalmomin da Hausa da Kanuri a jere, tun da yawancin mazauna kwarin Kanuri ne, sunan Komadugu kansa ma kalmar Kanuri ce mai nufin kogi.

(c) A zana sawun haƙora iri biyar, mai kyau ɗaya da marasa kyau huɗu, kowanne da jumla ɗaya tak a ƙarƙashinsa mai faɗin abin da za a yi.

(d) A koyar da kashi cikin ɗari da agogon awo a hannun mai koyo, kuma a gwada kowane shafi a gareji: a ba yaro ya karanta ya aikata, maigidansa yana kallo bai ce komai ba. Jumlar da yaron ya tsaya yana tambaya a kanta, ita ce za a sāke rubutawa.